Fiya-fiya da buhun wake: sinadarin jijiya da guba ke ɗaurewa

A unguwar Madaki da ke cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, kwalbar fiya-fiya ba baƙuwa ba ce. Da magariba akan yayyafa ta a lungunan ɗaki saboda sauro, idan kuma kaka ta yi, sabon wake ya cika kasuwar Tudun Hatsi, wasu kan ɗiga ta cikin buhu don kada ƙwari su huda hatsin. Kaɗan ne daga masu amfani da ita suka san cewa abin da take kashewa a jikin ƙwaro, akwai irinsa a ƙwaƙwalwar mutum.

Jijiyoyi ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace jijiya da ta gabanta, ko da tsokar da take umarta, akwai ɗan rata, kuma a wurare da yawa saƙo yakan tsallaka ratan ne ta hanyar wani sinadari da ake kira asetilkolin, wanda bincike a kansa ya sa aka ba Henry Dale da Otto Loewi kyautar Nobel a 1936. Da zarar saƙon ya isa, dole a share shi, in ba haka ba tsoka ba za ta saki ba. Mai sharar shi ne inzayim ɗin asetilkolinestares, wanda ke farfasa dubban ƙwayoyin asetilkolin cikin daƙiƙa guda. Numfashi, ƙiftawar ido, riƙe alƙalami a ofis, duk sun dogara da wannan shara.

Diklobos, ko DDVP, wato gubar da ke cikin Sniper da yawancin haɗin fiya-fiya, tana maƙalewa ne a jikin inzayim ɗin ta hana shi aiki. Sai saƙo ya taru a rata ba mai sharewa. Yawu ya dalalo, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, ciki ya murɗa, ƙirji ya cika da majina. Idan abin ya yi tsanani, farfaɗiya ta biyo baya, tsokar numfashi ta gaji. Iskar sarin da aka saka a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995 ta wannan hanyar ta yi kisa. Abin mamaki, likitoci ma kan rage ƙarfin inzayim ɗin da gangan, amma kaɗan kuma da awo, da magunguna irin su donepezil, ga tsofaffi masu ciwon mantuwa.

Gombe ta taɓa ganin sharrin wake mai magani. A 2008 an kwashi ɗalibai fiye da 100 na makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Doma zuwa asibiti bayan sun ci wake. Gubar da aka gano a lokacin lindan ce, wadda ke bin wata hanya dabam a ƙwaƙwalwa, amma ɗabi'ar da ta jawo ta ita ce dai har yau. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda diklobos da ya wuce ƙa'ida, sannan a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Dokar tana nan a takarda. Aiwatar da ita ne ya yi rauni.

Ma'aikacin da ke dawowa Abuja da buhun wake daga gida ya kamata ya tambayi yadda aka adana shi, domin wanki da dahuwa ba su da tabbacin kawar da gubar duka. Idan kuwa yaro ya kurɓi fiya-fiya, ɗura masa manja ko madara ɓata lokaci ne, sa shi amai kuma na iya kai gubar huhu. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Allurar atropin ce ke tare aikin saƙon da ya taru, pralidoksim kuma na iya 'yanto inzayim ɗin idan an yi ta da wuri.

Ajiyar wake ba sai da guba ba. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana toshe iska ne kawai har ƙwarin su mutu, kuma ana iya sake amfani da shi muddin ledojin ciki ba su huje ba.