Kafin ku raba layin talabijin zuwa ɗakuna

A gidaje da yawa rigimar rimot ce ke sa a sayi talabijin na biyu. Maigida yana son ƙwallo, uwargida tana jiran shirinta, yara kuma sun kafe sai katun. Da zarar na biyun ya shigo, sai a fara tunanin yadda eriya ɗaya za ta wadatar da su duka. Nan ne mai gyara zai ce ku sayo sifilita, wato ɗan ƙarfen nan mai kamar kwalin ashana, mai bakin shiga ɗaya da bakin fita biyu ko fiye.

Ku fara sanin cewa sifilita ba ta ƙara ƙarfin sigina, rabawa kawai take yi, kamar a kasa tuwon mutum ɗaya wa mutum biyu. Ku duba jikinta, kusa da kowane bakin fita za ku ga lamba. Mai fita biyu yawanci 3.5dB ake rubutawa, ma'ana kowane talabijin zai samu ƙasa da rabin siginar kaɗan. Mai fita huɗu 7dB ce, wajen kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Mai takwas kuwa takan kai 11dB. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Shi ya sa ba na goyon bayan sayen mai baki huɗu wai saboda gaba, alhali talabijin biyu gare ku. Bakin da ba a jona komai ba ma ya tafi da kasonsa. Sakamakon shi ne hoto ya riƙa tsayawa yana kakkaryewa, musamman in hadari ya haɗo. Idan dole baki ɗaya ya zauna a banza, a toshe shi da ɗan murfin da aka yi don haka, mai lamba 75. Idan kuma mai fita uku kuka saya, sau da yawa za ku ga baki ɗaya 3.5dB, sauran biyun 7dB. Ku ba ɗakin da ya fi nisa bakin 3.5dB, domin doguwar waya ma tana cin sigina.

Sai batun eriya da dish, inda aka fi asarar kuɗi. Sifilitar da aka rubuta wa 5-1000MHz ta eriyar sanda ce, irin ta GOtv ko dikodar StarTimes mai eriya. Siginar dish tana tafiya ne tsakanin 950 da 2150MHz, don haka mai 5-2400MHz take buƙata, wadda kuma aka rubuta wa "power pass". Dalili shi ne dikoda ce ke tura wuta ta cikin wannan waya zuwa LNB, wato kan da ke gaban dish. Ko da kun samu irin wannan, akwai sauran rina a kaba. Dikoda tana tura bolt 13 don wasu tashoshi, 18 don wasu. In dikodar falo ta nemi 13, ta ɗaka ta nemi 18, ɗaya sai ta rasa hoto. A ganina mai dish ya haƙura da sifilita, ya sayi LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta.

Ku kuma tambayi kanku: tasha ɗaya za a kalla ko kowa da tasa? In aka raba layi kafin ya shiga dikoda, kowane ɗaki sai da tasa dikodar. In aka raba daga bakin da aka rubuta RF OUT, duk gidan abu ɗaya za a gani, rigimar rimot tana nan daram. Wasu sababbin dikodoji ma ba su da wannan bakin, sai ku leƙa bayan taku kafin ku kama hanyar Alaba ko shagon unguwa.

A shago ku ɗauke ta a hannu. Mai kyau tana da ɗan nauyi, bayanta a like ruf. Wadda ba ta da nauyi, ko murfin bayanta ke motsi, ku ajiye ta. Mazauna Legas da Fatakwal sun san abin da damina ke yi wa ƙarfe, don haka a kafa ta cikin gida, ba a jikin katanga ba. A yi amfani da waya RG6 da kawuna masu murɗawa. Murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatif ba jonawa ba ce.

Kafin a taɓa waya a cire talabijin da dikoda daga soket. Idan bakin wayar yana ɗan jan hannu, alama ce ta matsalar wuta, a kira mai gyaran lantarki. Kada a hau rufi ana ruwa ko tsawa, kuma sandar eriya ta yi nesa da wayar wuta.

Wurin ƙirga bakin da kuke buƙata, ina ba ku shawara ku cire ɗakin kwanan yara daga lissafi. Talabijin a gefen gado yana jinkirta barci, kuma da an rufe ƙofa ba ku san me ake kallo ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Falo da ɗakin iyaye sun isa, ga shi mai fita biyu ta fi arha kuma hotonta ya fi tsayawa.