Makarantun Cocin Ingila da Tambayar Wa Ke Samun Gurbi

A Ingila, cikin kowace makarantar firamare huɗu kusan ɗaya ta Cocin Ingila ce. Cocin na da makarantu sama da 4,600, yara kimanin miliyan ɗaya ke karatu a cikinsu, gwamnati ce ke biyan albashin malamai, iyaye ba sa biyan ko sisi. A wasu unguwannin Bradford da Blackburn da gabashin Landan akwai irin waɗannan makarantu da mafi yawan ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne, ga gicciye a bango, ga 'yan mata da hijabi a aji. Shekaru ashirin da wani abu ke nan makarantun suna ta ɗaga muryar cewa kowane yaro nasu ne, ko mene ne addininsa, launin fatarsa, arzikin gidansu ko lafiyar jikinsa. Wannan sauyi na gaske ne, ya kuma cancanci yabo, amma ya fi ƙarfi a cikin aji fiye da bakin ƙofa, alhali a bakin ƙofa ake yanke wa yaro hukuncin farko.

Dalilin da ya fi fitowa fili shi ne mutanen ƙasar sun canja. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauka zuwa kashi 46.2 cikin ɗari, daga 59.3 a 2011, waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kuma 6.5. Makarantar da ta ce sai 'ya'yan masu zuwa coci za ta koyar, a wurare da dama kujerunta za su zauna babu kowa, kuma kuɗin gwamnati bisa yawan ɗalibai yake zuwa. Sai kuma tarzomar 2001 a Oldham da Burnley da Bradford, wadda ta sa Ted Cantle ya rubuta rahotonsa kan al'ummomin da ke zaune gari ɗaya amma rayuwarsu ba ta haɗuwa ko'ina, har ya ba da shawarar makarantun addini su ware aƙalla kashi 25 na gurabensu ga yaran wasu addinai. A shekarar 2001 ɗin dai kwamitin Lord Dearing ya gaya wa cocin cewa makarantunsa su riƙe Kiristancinsu, su kuma buɗe wa kowa. Dokar Daidaito ta 2010 ta zo ta ɗaure maganar: an haramta nuna wa ɗalibi bambanci saboda ƙabila, jinsi ko naƙasa, an wajabta wa makaranta ta yi gyaran da ya dace domin yaro mai naƙasa, ta kuma wallafa manufofinta na daidaito duk bayan shekara huɗu.

Sai dai kuskure ne a ɗauka tsoron doka da neman kuɗi kaɗai suka kawo wannan. Ƙungiyar National Society da Joshua Watson da abokansa suka kafa a 1811 burinta makaranta a kowace gundumar coci domin 'ya'yan talakawa, tun shekaru kusan sittin kafin gwamnati ta fara gina nata makarantun a 1870. Saboda haka da cocin ya fitar da manufarsa ta ilimi a 2016, wadda ta tsaya kan hikima, fata nagari, zaman tare da mutuncin ɗan Adam, komawa ya yi ga asalinsa. Hujjar tauhidi ce: idan kowane yaro halittar Allah ne mai daraja, makarantar da ke ɗauke da sunan coci ba ta da hurumin fifita wani. Masu duba makarantun coci, waɗanda aikinsu daban yake da na Ofsted, hukumar gwamnati mai duba makarantu, su ma yanzu suna tambayar yadda wannan aƙida ke bayyana a rayuwar yaron da ya fi kowa rauni.

Inda sakamakon ya fi bayyana shi ne taron ibadar safe, wanda dokar ilimi ta 1944 ta wajabta, tare da bai wa iyaye 'yancin janye ɗansu. Yara na zaune a ƙasa layi-layi a babban ɗaki, an kunna kyandir a kan ƙaramin tebur, shugabar makaranta ta ba da labarin Basamariye mai tausayi, sannan kafin addu'a ta sanar cewa wanda yake son addu'ar ta zama tasa sai ya ce amin, wanda ba ya so ya yi shiru ya yi tunani. Jagorar da cocin ya fitar a 2021 wannan salon gayyata ta ƙarfafa. Ƙaramin abu ne, amma shi ke raba yaron da ake tilasta wa da yaron da ake girmamawa. Shi ya sa iyaye Musulmi da yawa ke zaɓen makarantar coci da gangan: sun fi son inda ake ambaton Allah ba da kunya ba, inda azumin yaro ko sallarsa ba za su zama abin mamaki ba.

Matsalar tana wajen ɗaukar ɗalibai. Dokar 2010 ta bar wa makarantun addini ƙofa: idan masu nema sun fi gurabe yawa, suna iya fifita mabiya addininsu. Makarantun coci da yawa ba sa amfani da wannan dama, musamman na ƙauyuka, inda sau da yawa ita kaɗai ce makarantar garin. Amma a birane, inda makaranta ta yi suna, akan buƙaci takardar da limamin coci zai sa wa hannu, shaidar cewa iyali na halartar ibada a kai a kai na tsawon shekara ɗaya ko biyu. Wa ke iya cika wannan sharaɗi? Iyalin da suka san tsarin tun yaro yana goye, suka kuma mallaki ranar Lahadinsu. Uwar da ke aikin kwana a gidan kula da tsofaffi, ko uban da ke tuƙa tasi a ƙarshen mako, ko baƙon da bai iya Turancin cike takarda ba, ko da Kirista ne na ƙwarai, an riga an bar shi a baya. Binciken da cibiyar Education Policy Institute ta fitar a 2016 ya gano makarantun addini na ɗaukar 'ya'yan marasa ƙarfi ƙasa da yadda sauran makarantu ke ɗauka, kuma idan aka yi la'akari da irin yaran da suka shiga, yawancin fifikon da suke da shi a jarrabawa yana narkewa. Ma'ana, sharaɗin da aka sa don auna imani ya koma yana tace arziki.

Masu kare tsarin suna da magana mai nauyi. Sun ce coci ne ya ba da fili, kakanninsu suka tara kuɗin gini, a wani rukunin makarantun har yau hukumar makaranta ke biyan kashi 10 na kuɗin manyan gyare-gyare, don haka ba zalunci ba ne ɗan mai zuwa coci ya samu gurbi, kuma idan iyalai masu imani suka ƙare a makaranta, Kiristancinta zai zama suna kawai. Ban raina wannan fargaba ba. Amma waɗanda suka ba da filin, domin yaran unguwa matalauta suka bayar, kuma albashi da littattafai da wuta daga harajin kowa suke fitowa, har da na maƙwabcin da aka hana ɗansa. Game da dusashewar addini kuwa, makarantun da ɗalibansu Musulmi suka fi yawa sun riga sun amsa: ibadar safe na nan, limamin coci na zuwa, ana bikin Kirsimeti da Ista. Halin makaranta daga shugabanta da malamanta yake fitowa, ba daga takardar baftismar yara ba. A ɗaya gefen akwai masu cewa a raba coci da makarantun gwamnati gaba ɗaya. Su ma sun tsallake wani abu: makarantar da ke ɗauka bisa kusancin gida kaɗai tana tacewa ta hanyar tsadar gidaje, kuma rushe dubban makarantun da ke aiki lafiya don gyara ƙa'idar da wasunsu ke bi, ɓarnarsa ta fi gyaransa.

Akwai kuma inda kyakkyawar niyya ke cin karo da aljihu. Yaro mai buƙata ta musamman, makaranta ce ke ɗaukar fam 6,000 na farko na ƙarin tallafinsa daga kasafinta, takardar shirin kula da shi da dokar 2014 ta tanada kuma, wadda ya kamata ta fito cikin mako 20, jinkirinta ya zama ruwan dare. Ƙaramar makarantar ƙauye mai yara ƙasa da ɗari, a tsohon ginin zamanin Sarauniya Victoria mai matakala da ƙananan ƙofofi, tana jin wannan nauyi fiye da kowa, kuma a nan ne ake jarabtar shugaba ya ce wa uwa a hankali wata makarantar za ta fi dacewa da ɗanta. Wannan kuɗi hakkin gwamnati da ƙananan hukumomi ne, coci ba zai iya shi kaɗai ba. Sharaɗin halartar ibada kuwa ba ya jiran kasafin kowa. A makarantun da hukumarsu ke riƙe da ikon ɗaukar ɗalibai, doka ta sa ta zauna kowace shekara ta tabbatar da ƙa'idojinta kafin ƙarshen Fabrairu, kuma bayan tuntuɓar iyaye da hukumar ilimi ta diyosis, wato yankin bishop, tana da ikon cire shi.