Daren Kiɗa a Tarukan Ƙungiyoyi: Wa Ke Cin Ribar?

Daga Kujama zuwa Kaciya har Kafanchan, an fara sabawa da ganin ƙungiyoyin ma'aikata suna rufe babban taronsu da kiɗa. Malaman makaranta ne, ma'aikatan jinya ne ko tsofaffin ɗalibai, tsarin kusan ɗaya ne: da rana jawabai da zaɓen shugabanni, da yamma a kafa lasifika, a gayyato mawaƙi da babban mai ƙaddamarwa, a buɗe gidauniya.

Abin yana da tushe. Bahaushe ya daɗe da sanin ajo, inda mai buƙata zai kira makaɗa, abokai su zo su yi masa kari. A coci-cocin Kudancin Kaduna kuma zumuntar mata ta saba tara gudummawa da waƙa, musamman ranar godiyar kaka da ake gwanjon doya da citta. Ko a Amurka, baƙaƙen fatar unguwar Harlem a shekarun 1920 kan tara jama'a a gida da kiɗan bulus da jaz, a biya kuɗin shiga, mai gida ya samu na haya. Sabon abu kawai shi ne shigar al'adar cikin tarukan masu albashi.

Matsi ne ya shigo da ita. Tun cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ɗan abin da ake yanka daga albashin mambobi ya daina riƙe asusun marayu da na marasa lafiya. Rashin tsaro ya ƙara nauyi. Mutanen Kujama ba su manta da 5 ga Yulin 2021 ba, ranar da aka sace ɗalibai fiye da 120 na makarantar Bethel Baptist. A irin wannan musiba jama'a suka koyi cewa karo-karo ya fi jiran hukuma sauri. Akwai kuma halin ɗan Adam: wanda zai yi biris da wasiƙar neman taimako ba zai iya zama shiru ba idan mawaƙi ya kama sunansa a gaban abokan aiki.

Amfanin a fili yake. Makaɗan yankin suna samun kasuwa, kuma a garin da ya ɗanɗani rikicin 1987 da na 2011 kamar Kafanchan, zaman Musulmi da Kirista a rumfa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai lissafin ne ke da gyara. Miliyoyin da ake shelantawa a lasifika galibi alkawari ne, kuma bin alkawari ya fi roƙon farko wuya. Kafin a taɓa abin da ya shigo hannu, an cire hayar zaure, man janareta, abinci da sallamar makaɗa. Sannan ga liƙi: na mawaƙi ne ko na gidauniya? Idan ba a yanke wannan tun farko ba, sai a wayi gari da rigima. Ban da haka, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙa naira, kuma a Afrilun 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani fitacce a kafafen sada zumunta, Bobrisky, wata shida a kan hakan. Tura kuɗi ta waya ya fi tsabta, ko da yake ba ya ɗaga murya kamar liƙi.

Babbar illar a ganina ita ce ta siyasa. Ƙungiyar da ɗan takara ya zama babban mai ƙaddamar da gidauniyarta, bakinta kan yi nauyi ranar da ya kamata ta yi magana kan albashi ko ƙarin girma.

Don haka, ya ku mambobi, kafin a amince da daren kiɗa na baɗi, ku nemi shugabanni su karanto na bara a zauren taro: nawa aka yi alkawari, nawa ya shiga asusu, nawa aka kashe, kuma su wa aka taimaka.