In Ka Ji An Ce Maka "Mugu" A Kasuwar Iyaka, Riƙe Aljihunka

Mu da muke kai-komo tsakanin Garwa, Yola da Mubi mun san ciniki a bakin iyaka ba da harshe ɗaya ake yin sa ba. Ga Hausa, ga Fulatanci, ga Faransanci, sannan ga Turancin buroka da baƙin 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da Bamenda suke zuwa da shi. A cikin wannan Turanci akwai wata kalma da ke ruɗa Bahaushe, wato "mugu".

A wurinmu mugu shi ne azzalumi mai cutar mutane. To amma a bakin 'yan damfara masu buroka, mugu shi ne wawan da za a cuta, wanda kuɗinsa ya kusa zama nasu. A Duwala da Yawunde ma samari na amfani da ita da wannan ma'ana, suna rubuta ta "mougou". Wani lokaci kuma sukan ce "maga". Saboda haka idan dillali ya juya ga abokinsa ya ce mugu ya iso, kada ka ɗauka tsoronka yake ji. Kai ne naman da aka kawo mahauta.

Masu wannan sana'a su ne ake kira 'yan 419. Lambar ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Abin ya yi ƙamari har gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar EFCC a 2003, aka kuma yi dokar musamman kan damfarar "biya kafin ka samu" a 2006. A nan Kamaru sunansu "feyman". Wanda ya fi yin suna a cikinsu a shekarun 1990 shi ne Donatien Koagne, mai da'awar ninka kuɗi, wanda ya ƙare a gidan yari a ƙasar Yaman.

Dabararsu ba ta cika sauyawa ba. Za a nuna maka riba mai tsoka, ko canjin sefa da naira a farashin da ya fi na kasuwa daɗi, ko kayan da aka ce suna hannun kwastan za a sayar da araha. Sai a ce ka fara ba da wani abu na "buɗe hanya", kuma kada ka gaya wa kowa, kuma yau-yau za a gama. Kafin alƙalami, sirri da gaggawa: in ukun nan suka haɗu, tashi ka kama gabanka.

Shawararmu ita ce, kada mu ƙulla ciniki da harshen da ba mu ji sosai ba sai da ɗan'uwa mai jin sa a kusa. Mu ga kaya da idonmu, mu nemi shaidu, mu tuntuɓi shugabannin kasuwa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.