Ƙofar Baƙin Tauraro: Ƙofar Da Ba A Tambayar Takarda

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Kolokondé ko Djougou zuwa Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ya san shingaye iri-iri: na kwastan, na jandarma, da na masu neman na goro. To amma a babban birnin na Gana akwai wata ƙofa da ba ta da ƙyaure, ba ta da ganuwa.

Ita ce Ƙofar Baƙin Tauraro, wadda gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina a 1961, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci ƙasar. Tana tsakiyar shataletale, daura da babban filin fareti na bakin teku. Turawa kan yi irin wannan gini don murnar cin yaƙi, kamar na Paris da Napoleon ya sa a fara a 1806. Ta Accra kuwa ta samun 'yanci ce. Ba a yi mata baka ba. Manyan ginshiƙai ne ɗauke da shimfiɗaɗɗen rufi, a bisansa ga baƙin tauraron tutar Gana. A goshinta an rubuta 1957 da taken ƙasar, wato 'Yanci da Adalci. Kusa da nan ne, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe tsofaffin sojoji uku, abin da ya rura wutar neman 'yanci.

Mu dai ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Bature, ayarin fatake daga Kano ke yada zango a Djougou kan hanyarsu ta Salaga sayen goro. Duk da haka, a Nuwamban 1969, shekara 8 kacal bayan gina ƙofar, gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, Hausawa da dama suka bar rumfunansu da gidajensu. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori 'yan Gana. A 2023 mun ga yadda rufe gadar Malanville ya bar manyan motoci jere, kaya na lalacewa.

Gina ƙofa abu ne mai sauƙi, barin ta a buɗe shi ne aiki. Don haka, 'yan'uwa, kowa ya gyara takardunsa kafin ya ɗaura kaya. Hukumomi kuma su tuna yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a. Allah Ya buɗa mana hanyoyi, amin.