Idan Wutar Sola Ta Raunana, A Bincika Kafin A Sayi Sabon Batir

Kwanakin baya wani shugaban makaranta daga ƙauyukan bayan Samaru ya zo mini da kuka, ya ce fitilun da yaransa ke karatun dare da su sun fara mutuwa tun kafin a idar da sallar lisha, ga shi kuwa jarrabawa ta matso. Makarantar ba ta da wutar gwamnati, faifan sola huɗu da aka kafa mata shekara tara da suka wuce su ne gatanta. Har ya karɓi kuɗi daga hannun iyayen yara zai tafi kasuwar Sabon Gari ya sayo sabon batir. Na roƙe shi ya dakata mu duba tukuna. Da yake malamai da akawuna da yawa sun koma ga sola tun da man fetur ya yi tsada a 2023, na ga ya kyautu in bayyana yadda ake binciken.

Mutane sukan ce faifai ya tsufa, su yanke hukunci ke nan. To, tun 1954 da masanan Bell a Amurka suka fito da ƙwayar sola mai amfani ake lura da halinta, an kuwa gane faifai mai kyau ba ya rasa abin da ya fi kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a shekara. Watau faifan da ya shekara goma bai kamata ya rasa fiye da kashi 5 ko 6 ba. In wuta ta ragu da rabi, wani abu ne dabam ya ci ta.

A fara da abin da ido ke gani. Hazon hunturu yakan lulluɓe gilashin da ƙura, tsuntsaye su ƙara da kashinsu, sa'an nan darbejiyar da take tsiro ranar da aka kafa faifan yau ta zama itaciya mai inuwa. Ƙwayoyin faifai a jere suke, wuta tana bi ta cikin kowace, saboda haka inuwar reshe ɗaya tana iya tauye sauran. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.

Bayan wannan sai mitar awo, wadda kowane mai gyaran wuta yake da ita. A bayan kowane faifai akwai takarda manne da ke nuna bolt nawa zai bayar in ba a haɗa shi da kome ba. Ƙaramin faifai mai ƙwaya 36, irin na batir mai bolt 12, yakan nuna 21 ko 22. A cire wayarsa daga kwantirola, a auna shi shi kaɗai da tsakar rana. In an ga 19 ko 20 cikin zafin Maris da Afrilu kada a damu, gama zafi yana rage bolt, faifai kuwa a kan rufin kwano yakan kai digiri 60. Amma in ya nuna rabin abin da aka rubuta, ko ya rasa sulusi cif, to a buɗe ɗan baƙin akwatin da ke bayansa. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa biyu ko uku da ake kira dayod, aikinsu su ba wuta hanyar kewaye sashen da inuwa ta rufe. In ɗaya ya ƙone ya haɗe, sashensa duka ya fita daga lissafi. Kuɗinsa kaɗan ne, mai gyaran rediyo ma yana iya canza shi. Sai dai ina gargaɗi: inda aka jera manyan faifai da yawa bolt yakan haura ɗari, wannan yana kisa, a bar wa gwani.

Waya ita ce inda na fi ganin ha'inci. Akwai wadda cikinta alminiyum ne, aka shafe ta da jan ƙarfe don ta ruɗi mai saye, ga ta kuma siririya. A auna bolt a bakin faifai, a sake aunawa a bakin kwantirola sa'ad da wuta ke gudana. In bambancin ya kai bolt guda, wayar ce ke shan wutar, ko kuwa wata mahaɗa ta yi tsatsa da ruwan damina. Mahaɗar da ta yi ɗumi a hannu ita ce mai laifi.

Sai a ƙarshe a zo kan batir. Irin mai ruwa, in ya cika ya huta 'yan sa'o'i ba a ja wuta ba, yakan nuna 12.6 ko 12.7, in ya nuna 12.1, rabi ya rage. Gidajensa shida ne, kowane da bolt biyu da 'yan kai, don haka wanda ya tsaya a 10.5 gida ɗaya ya mutu. A duba ruwansa, a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na rijiya. Kada kuma a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai janyo sabon ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci, batirin da faifai ba ya cika shi kullum yakan lalace cikin watanni, ko da jiya aka sayo shi.

A makarantar nan mun tarar faifai ɗaya yana nuna bolt 10 da ɗoriya, dayod ya ƙone, mahaɗa biyu kuma sun yi kore da tsatsa. Aka gyara, aka sassabe reshen darbejiya. Batir ɗaya daga cikin biyun ya riga ya ji jiki, ba makawa sai an canza, amma shugaban ya yarda a jira mako guda a ga yadda faifan ke cika su kafin a taɓa kuɗin iyayen yara.