Kayan Gaggawa: Ƙaramar Mota Ko Kamyo?



Duk shekara in watan Zulƙida ya raba tsakiya, maganar da ake yi a kowace rumfa ta kasuwar dabbobi ba ta wuce ta mota. Mutum ya sayi raguna da dukan jarinsa, sallah ta matso, kuma yana so su isa kasuwa da ƙafafunsu kafin masu saye su watse. To a nan ne tambaya ke tasowa: ya ɗauki shatar ƙaramar mota rufaffiya irin su J5 da Hiace da Sprinter, ko kuwa ya nemi kamyo, watau babbar mota mai bodi haɗe da kai, irin su Kanta da DAF da Marsandi? Ba maganar tirela muke yi ba, wadda kanta ke rabuwa da bodinta, wannan lissafinta daban ne. Abin da ke biye shawara ce ga mai shata da kuma mai niyyar sayen motar kansa.

Mene ne kayan gaggawa?

A sana'armu kayan gaggawa shi ne wanda darajarsa ke raguwa da kowace sa'a. Na farko ragon layya. Kwanakin yanka uku ne a mazhabar Malikiyya, amma kowa ya san yawancin jama'a ranar farko suke yankawa, ragon da ya iso bayan an sauko daga idi sai dai a sayar wa mahauta yadda suka ga dama. Na biyu dabbar da ake so ta riski ranar kasuwa, kamar Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, wanda ya makara sai ya ciyar da dabbobi mako guda daga aljihunsa. Na uku allurar rigakafi, wadda ake ajiyewa cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ƙanƙara ta narke a hanya ta tashi daga aiki. Sai kuma fatu da ƙiraga da ake kai wa majemun Kano, musamman fatar jar akuyar Maraɗi da ta yi suna, wadda in gishiri bai kama ta da kyau ba kwana kaɗan sai gashi ya fara zuba. Kowane ɗaya daga cikinsu da motar da ta dace da shi.

Lissafin nauyi da na fili

Ƙaramar mota, ita da kayanta, bai kamata ta wuce tan 3 da rabi ba, shi ya sa mai parmi B yake iya tuƙa ta. In an cire nauyin motar kanta, abin da ya rage wa kaya kimanin kilo 1,200 ne. Mutum sai ya ce to ai raguna 20 ke nan masu kilo 60. A takarda haka ne, amma dabba ba buhun gero ba ce da za a ɗora wani kan wani. Cikin motar tsawonsa kimanin mita 3 ne, faɗi mita 1.7, watau fili murabba'in mita 5. Babban rago, balami ko uda, yana bukatar kusan murabba'in mita 0.4 in ana so ya tsaya sosai. Ka ga ke nan raguna 12 sun cika ta. Shanu kuwa, bijimai uku masu kilo 350 sun kai ta iyakar nauyinta, balle a zo ga ƙahon rahaji da ba ya shiga ƙarƙashin rufin.

Kamyo mai bodin mita 6 da faɗin mita 2.3 yana da fili kusan murabba'in mita 14. Wannan raguna 35 ne a hawa ɗaya, in an yi masa bene na katako 70, nauyinsu kilo 4,200. Shanu matsakaita kuwa 11 ko 12. Sai dai a duba takardar motar, don ƙaramar Kanta ba ta ɗaukar wannan nauyi ko da bodin ya yi tsawo. Kuma direbansa sai mai parmi C.

Yanzu mu zo ga mai. Mu ƙaddara tafiyar kilomita 1,000, kwatankwacin Kano zuwa Legas. Ƙaramar mota da lodi tana shan kimanin lita 12 a kilomita 100, jimla lita 120, a raba wa raguna 12, kowane rago lita 10. Kamyo yana shan kimanin lita 25, jimla lita 250, a raba wa 70, kowane rago lita 3 da rabi da 'yan kai. Amma in raguna 12 ɗin nan kaɗai ka zuba cikin kamyo, kowane ɗaya ya ci maka lita 21. Sabo da haka iyakar tana wajen raguna 25: ƙasa da haka ƙaramar mota ta fi sauƙi, sama da haka kamyo ne. Kowa ya sa farashin mai na garinsu ya buga da kansa, ya kuma tuna cewa wasu ƙananan motoci fetur suke sha, kamyo kuwa gazuwal, kuma tun da Nijeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 lissafin da muka saba da shi a da ya canza.

Sauri ya haifi nawa

Babban abin da ƙaramar mota ta fi kamyo shi ne ba ta jira. Da ka ƙulla ciniki da la'asar, kafin magariba an yi lodi an tashi. Mai kamyo kuwa in kayansa bai cika mota ba sai ya nemi abokan haɗi, wannan yana jiran dillalinsa, wancan yana jiran kuɗi daga gida, sai ka ga kwana biyu sun wuce a tasha. A gajeruwar hanya, kamar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ta Illela, da kowace ba ta kai kilomita 100 sosai ba, ƙaramar mota na iya yin sahu biyu a yini.

To amma fa akwai zafi. Motar da aka ƙera don kwalaye ba ta da tagogin iska a baya. A bazara zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram, kuma in aka tsaya a shingen duwan ko na jandarma na sa'a guda, cikin motar ya zama tanda. Numfashin dabbobi da fitsarinsu su ƙara, sai ka ga rago ya buɗe baki yana haki, daga nan sai faɗuwa. Babbar sallah ta 2025 ta kama ne a farkon watan Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, watau shekarun nan cikin tsakiyar bazara ake jigilar raguna. Wanda zai sa dabba a rufaffiyar mota wajibi ne ya cire gilasan gefe ya sa waga, ya shimfiɗa yashi ko ƙaiƙayi don kada su zame, ya yi tafiyar asuba ko ta yamma in hanya tana da aminci.

Kamyo bodinsa a buɗe yake, iska na ratsawa, kuma yaran mota na iya hawa su tada wanda ya kwanta kafin a tattake shi. Haɗarinsa shi ne kwaɗayin ƙari. Mai mota ya ce a ƙara biyar, ɗan kamasho ya ce a ƙara goma, kai kuma ka yi shiru don kuɗin kai ya ragu. Jama'a, ragon da ya karye ya zama gurgu bayyananne ba ya isar wa layya, haka mai ido ɗaya da marar lafiya. Rago ɗaya da ya faɗi ya cinye rangwamen da aka yi maka na mota gaba ɗaya. Ban da wannan, dabba tana da haƙƙi a kanmu wanda za a tambaye mu.

Awo da takardu

A ƙasashen UEMOA, ƙa'ida mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta kayyade cewa mota mai gatari biyu, ita da kayanta, kada ta wuce tan 18, mai gatari uku tan 26. Dabbobi da wuya su kai wannan, amma kayan dawowa irin su siminti da dusa da ƙiraga masu gishiri suna kaiwa. Wanda ya wuce, tara da sauke kaya a bakin sikeli.

Iyaka kuma ba ta da tabbas. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a watan Mayu na shekarar gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje gabanin sallah. Wannan darasi ne ga mai son sayen mota da bashi. Kamyo in ya tsaya wata uku, kuɗin direba da inshora da taya suna nan suna ci. Ƙaramar mota kuwa ko an rufe iyaka tana samun aikin cikin gida, yau albasa, gobe kayan shago. Kafin a ɗora dabba ɗaya, a tabbatar da takardar likitan dabbobi, da ta duwan, da kartigiri da inshorar motar, kuma a bugi fatoma na can ƙetare a ji halin da ake ciki a ranar.

Shawara a taƙaice

Allurai, da kilishi, da ɗaurin fatu kaɗan, da raguna da ba su wuce dozin ba a hanyar da ba ta wuce rabin yini ba, wannan aikin ƙaramar mota ne. Shanu kowane iri, da raguna daga 25 zuwa sama, da duk tafiyar da za a kwana a hanya kamar Ibadan ko Legas, wannan na kamyo ne. Ɗanyen nama kuwa ba ya shiga ko ɗaya sai mai na'urar sanyi.

Ga ƙananan fatake da ba su iya cika kamyo su kaɗai, magani shi ne a haɗu tun watan Shawwal, mutum huɗu ko biyar, a rubuta yawan dabbar kowa da alamarta, a tsayar da ranar lodi, a ba mai mota kafin alƙalami tun kuɗin shata bai hau ba. A rubuta kuma wa zai ɗauki asara in dabba ta mutu a hanya, da shaidu biyu, don yawancin rigimar da ke zuwa gaban shugabannin ƙungiya daga nan take tasowa.

Mai son sayen mota kuma ya ƙirga sahu nawa yake yi a shekara, ya tambayi kanikawan garinsu wace ce suke da kayan gyaranta a hannu. Motar da sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano kafin a samu famfon ruwanta ba motar gaggawa ba ce a Tasawa ko Magarya.

Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya sa albarka a cikin nema, Ya tsare mu da asara. Amin.